Tauke Lok, Wanda Ya Kai Deraman Gida

Tun rana ba ta gama fitowa ba za ka ji ƙarar ƙofar ƙarfen garejin Tauke Lok, wato maigida Lok, can ƙarshen layin masu taya a garin Gerik, daidai inda hanya ke fara hawa dutse zuwa jihar Kelantan. Yakan kunna turaren tsinke a ɗan jan akwatin da yake girmama kakanninsa bisa addininsu, ya tsallaka titi ya karɓo baƙin kofi a leda, ya rataye shi a ƙusa. Daga nan sai ya zauna a kujerar roba yana goge kawunan batura da tsohon buroshin haƙori. Singileti, gajeren wando, silifas, da tabarau mai hannu ɗaya da ya ɗaure da waya: tun da na san shi ban ga ya canza wannan shigar ba, kuma na yi masa tsiya a kan haka har na gaji.

Gyaran wutar mota ne sana'arsa. Amma mu masu motar-gida, tsofaffin da muka sa wa mota gado da murhu da firji muna yawo bayan ritaya, mun ƙwace shi ya zama namu. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin ya koma wurin 'yarsa a Penang. Ido ya ƙi, jar waya da ruwan ƙasa sun zama ɗaya a wurinsa, shi kuwa ya ce ba zai yi canke da ran mutane ba. Babu wanda zai shirya masa taro ko ya ba shi lambar yabo, shi ya sa ni, Rugayah, wadda ya fi sani da Kak Gayah, wato Yaya Gayah, mai baki, na ce sai na faɗi abin da na gani.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba sabbin zuwa haushi. Idan ya auna batir, ya duba cajin inji, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya bai ga laifi ba, ba ya ce maka sayi sabo. Sai ya ce ka shiga motarka ka zauna kamar kana daji, ka dafa, ka kwanta, ka yi faɗa da matarka in kun saba, shi kuma ya ja kujera ya sa wa mitarsa ido. Haji Bakar na Taiping ya ba mu labarin yadda fitilunsa suka yi ta ɗaukewa, sai da Tauke ya ga jikar Hajin ta buɗe akwatin fis tana ɓoye alewa, aka leƙa aka tarar tururuwa ta yi gari a ciki. Wasu ma'aurata daga Johor kuwa, tawul ɗin wanka suke shanyawa a kan allon sola, suna zagin kamfani. Waɗannan na dariya ne. Nawa ba na dariya ba ne.

Mijina Deraman direban gidan waya ne har ya yi ritaya, kuma da hannunsa ya gina cikin motarmu. Bayan mun ɗan ci moriyarta sai huhunsa ya lalace, ya koma ba ya numfashi sai da injin iska, da siririyar roba a hanci. A gida injin na jone da wutar gari. A hanya kuwa batirin ɗakin motar ne ke riƙe shi, sai wata 'yar tukunyar iska ta ko-ta-kwana wadda ba ta kai yini ba. A watan azumin bara ya ce mini yana so ya je ƙauyensu kusa da Machang, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ranar Sallah ya nemi gafara. Mek, kamar yadda muke kiranta, ta tsufa ƙwarai, ba ta gani, ba ta iya tafiya. Likita bai hana ba, amma kallon da ya yi mini ya isa. Na san wannan ce Sallar ƙarshe da uwa da ɗa za su iya haɗuwa.

Matsalar ita ce batirin ya fara wani hali. In mun fita, sai ya sauka warwas cikin 'yan sa'o'i, injin ya kama kuka. Na kai motar gareji biyu a garinmu, aka sa sabon batir, aka gwada, komai lafiya. Ban ga laifinsu ba, a gabansu motar ba ta taɓa yin tari ba. Muka kama hanya ana saura kwana biyu Sallah, ni ke tuƙi. Mun yi asuba a wata tasha, ba mu kai Gerik ba injin ya fara kukansa. Gabanmu kuwa dutse ne da daji, inda giwa ta fi mai gyara yawa. Na shiga garejin Tauke hankalina a tashe.

Ya leƙa ya ga Deraman a kwance, sai ya jawo doguwar waya daga bangon shagonsa ya jona injin iskar, ya tsaya har ya ga numfashin ya daidaita. Sannan ya koma kan mota. Ya sa batirin a caji, ya auna nan, ya auna can, ya shiga ƙarƙashi ya fito.

"Kak, ban ga komai ba. Ku zauna tukuna."

"Mu zauna? Tauke, gyara na zo, ban zo kama haya ba."

"Ku yi abin da kuka saba yi. Dafa shinkafa."

"Da azumi a bakina, da rana tsaka?"

"Ai ba ni zan ci ba. Abang, maigidanki, ba ya azumi, dafa masa." Ya gyara tabarau ya dube ni. "Bakin nan naki da za a iya jona shi da batir, da ba ki taɓa zuwa wurina ba."

Deraman ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na dafa shinkafar, na kunna fanka, na buɗe firji na rufe, na kunna duk fitilun, ina yi ina buga tukwane don ya ji. Allurar mitar ba ta ko motsa ba. Motoci na ta wucewa cike da masu tafiya Sallah, masu ƙananan gyara na zuwa yana ce musu su je gaba, yau yana da baƙi. Ni kuwa gani nake tsohon nan ɓata mana lokaci kawai yake yi. Deraman ya kira ni a hankali.

"Gayah, in ba zai yiwu ba mu juya. Sai na kira Mek a waya."

"Abang, yi shiru. Mek ba ta jin waya, kai ma ka sani."

Ya juya fuska bango. Ban taɓa jin tausayinsa kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin haushin wani mutum kamar yadda na ji na Tauke ba, yana zaune ya harɗe ƙafa yana tsotsar kofi.

Aka kira azahar. Tun da ciwon ya yi tsanani Deraman ba ya iya sauka daga mota, don haka nakan zaunar da shi a bakin ƙofa, ƙafafunsa a kan matakala, in zuba masa ruwa ya yi alwala. Malamin unguwarmu ya ce masa taimama ta wadatar, amma ya ce muddin yana iya ɗaga hannu sai ya ji ruwa a jikinsa. Na zaunar da shi, na zuba, ya wanke fuska da hannuwa, na durƙusa na wanke masa ƙafafu. Ruwan ya bi matakala ya gangara ƙarƙashin ɗan katakon ajiye takalma da ke gefen ƙofar, kamar kullum. Muka yi salla, shi a zaune. Ban gama addu'a ba na ji an ture kujerar roba.

"Kak! Kar ki taɓa komai. Ga ta nan, ta fara sauka."

Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya shafa katakon takalman, ya kai hanci ya shinshina.

"A nan Abang ke alwala kullum?"

"Tun da ya daina sauka."

"Batirin yaushe ya fara wannan hali?"

Na lissafa a raina. Lokaci ɗaya ne.

Ya kwance katakon. Doguwar ƙusar da aka ɗaure shi da ita ta huda daɓen motar, ta goge rigar babbar wayar da ta fito daga batirin ɗaki. In wurin a bushe yake, ƙusa da waya ba sa haɗuwa. In ruwa ya shiga, katako ya kumbura ya danna ƙusar, sai wuta ta riƙa zurarewa cikin ƙarfen mota har batir ya ƙare. Ya nuna mini wurin, ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke. Ban tambaye shi abin da zai faru da mun hau dutse a haka ba, shi ma bai faɗa ba.

"Wa ya ɗaura wannan katakon?" in ji shi.

Deraman ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ni ne. Ita ta ce ba za a shigar mata ɗaki da takalmi ba."

"To ina ka taɓa ganin an shiga gida da takalmi?" na ce. Tsoro da fushi suka haɗu mini, na juya kansa. "Daga yau taimama za ka yi. An gama zancen ruwa a motar nan."

Fuskarsa ta canza. Mutum ne da ciwo ya ƙwace masa tuƙi, ya ƙwace masa azumi, ya ƙwace masa tsayuwa a sahu, ga shi ni da bakina zan ƙwace ɗan abin da ya rage. Sai Tauke ya ce, ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba:

"Kak, bar mutum da alwalarsa. Waya ce za ta matsa."

Tauke, kai ne ka faɗi wannan, kai da ba ka taɓa alwala ba a rayuwarka. Kai ne ka kwanta a ƙasan motar bayan azahar ɗin nan, ka cire wayar gaba ɗaya, ka ja sabuwa ta ɗaya gefen cikin bututun roba, nesa da ƙofa. Ka sa mata fis kusa da batir, wanda ka ce tun farko ya kamata a sa, kuma ba ka dubi Deraman ba da kake faɗa. Ka toshe hujin, ka mayar mini da katakon takalmana da gajerun ƙusoshi, har ka lanƙwasa guntun kwano ka yi wa ruwan hanya ya riƙa zuba waje. Da la'asar ta yi ka ce a sake alwala, a zuba ruwa fiye da na ɗazu. Na zuba har da na mugunta. Allurar ta tsaya cak.

Washegari da hantsi muka hau dutsen. Kafin mu tashi ya ajiye mana batirin motarsa a ƙarƙashin gado, ya nuna mini yadda zan jona shi in ta ɓaci, ya sa na maimaita a gabansa har sai da na yi daidai. Na ce masa shi da me zai yi yawon Sallah, ya ce Sallar tamu ce, shi barci zai yi. Duk tsawon hanyar kunnena na kan injin nan. Bai yi kuka ba ko sau ɗaya.

Ranar Sallah da safe 'yan'uwansa suka ɗauke shi a kujera suka hau matakalar gidan da shi, ni ina biye da injin. Ya ce a sauke shi ƙasa. Ya ja jiki ya kifa goshinsa a gwiwar Mek, ya kama hannuwanta, ya nemi gafarar abin da ya yi mata a fili da ɓoye. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, yatsunta suka ci karo da robar hancin.

"Man, ɗana, wace igiya ce wannan suka ɗaura maka?"

"Ita ta kawo ni, Mek."

"To Allah Ya yi mata albarka. Na yafe maka, tun kana goye na yafe maka."

Deraman ya rasu bayan Babbar Sallah, a gadonsa, cikin natsuwa. A watannin nan bai ƙara cewa akwai abin da ya rage masa ba.

Ku matasan da ke buɗe gareji yanzu, kuna da na'urorin da tsohon nan bai taɓa riƙewa ba, kuma ina yi muku murna. Amma ku je Gerik kafin wata ya ƙare, ku ga yadda mutum ke ba da yininsa ga mota guda saboda akwai mai numfashi a cikinta. Ku koyi tambayar mutane yadda suke zaune kafin ku ce musu su sake zama.

Tauke Lok, mai haƙurin da ya fi ƙarfin bakina, na gode. Na zage ka a zuciyata rannan, kai kuma ka kai mini mijina gaban uwarsa. Mek tana nan da rai. Na faɗa mata sunanka ya fi a ƙirga, ba ta riƙe shi ba. Amma duk lokacin da na je gaishe ta, in ta ɗaga hannu tana yi wa Deraman addu'a, sai ta ƙara da cewa, "Da mutumin nan mai wayar wuta, Allah Ka duba shi."