Bindigar Iskar Hamma Bello

A Damare na girma, a gidan kakarmu Dada Asta. Lokacin kaka, bayan sallar isha, takan hura wuta da karan masara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Babban wanmu, Hamma Bello, shi ma yakan matso kusa da hasken, amma ba tatsuniya ke kawo shi ba. Bindigar iskar da yake harbin tsuntsaye da ita a gonar shinkafa yake kwancewa yana ɗaurawa.

Bai taɓa gamsuwa da ƙarfinta ba. Yau ya gwada harsashi ƙarami kamar ƙwayar dawa, gobe ya sauya bututu ya sa mai girman wake. Ya sayo sifirin mai tauri, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura harsashi, a kasuwar Jimeta, ya jera gwangwanayen madara da rana, ya harba, ya je ya duba irin hudar da ya yi.

"Ƙaramin ya fi gudu, Dada, amma babban ya fi duka," yakan ce.

Wata rana ta kalle shi ta taɓe baki. "Ku matso, yau labarin wani maharbi na zo muku da shi."

Maharbin nan, in ji ta, da fari kurciya kaɗai bakansa ke kayarwa. Ya sake baka ya kashe barewa. Ya sake wani ya kashe ɓauna. Bai tsaya ba sai da ya yi bakan da sai mutum biyu sun taya shi ja. Ranar da ya harbi giwa, kibiyar ta huda ta, ta ratsa daji, ta faɗa ƙauyensu, ta sami ɗansa a bakin rijiya.

"Dada, ni dai gwangwani nake harbi," in ji Hamma, yana dariya.

Shekaru suka wuce. 'Yan ta da ƙayar baya suka cinye garuruwan da ke arewa da mu, 'yan gudun hijira suka cika Damare. Hamma ya shiga cikin mafarautan da za su je ƙwato garuruwan. Ya rataya bindigarsa ta iska.

Dada ta riƙe gefen rigarsa. "Bello, wannan ta tsuntsu ce."

"Za a ba ni babba a can, Dada."

Waɗanda suka dawo sun ce ba a kai ga ba shi babbar ba aka kashe shi. Ko gawarsa ba mu gani ba. Daga ranar Dada ba ta ƙara hura wuta a tsakar gida ba har ta rasu.

Na daɗe ina ɗauka cewa tatsuniyar gargaɗi ce ga mai ƙarfin da ya wuce kima. Amma Hamma ƙarfin nasa bai kai ba ne. Waɗanda suka kashe shi bindigarsu na huda mota, kuma ban ji kibiyarsu ta koma gidansu ba.

Yanzu ina koyarwa a Jimeta. Idan 'ya'yana suka matsa mini sai na yi musu tatsuniya, nakan ɗauko ta maharbin nan, in kai su har wurin giwa, sai in tsaya.

"Sai me ya faru, Baba?"

"Ban sani ba. Ku je ku kwanta."