Masa Biyu a Kan Kwalin Fiza

Na fara cin fiza a arewacin Italiya, lokacin da masaƙar da nake wa aiki a Kakuri ta tura mu uku koyon sarrafa sababbin injina. Masaƙar ta mutu tuntuni, injinan sun yi tsatsa, abokan tafiyata biyu sun rasu. Abin da ya rage na waccan tafiya shi ne ni, da labarin da ya bazu a Unguwar Boro cewa na san fiza.

Shi ya sa matar ɗaya daga cikin marigayan ta same ni da maganarta. Mijinta mutumin Filato ne. Bayan rasuwarsa, da tandar masa ta riƙe gida, shekara da shekaru a bakin titi. Autarta ta je ta karanta girki, ta dawo ta shawo kanta. Aka ajiye tanda, aka sayi oben, aka shafa wa shago jan fenti, aka jera kujerun roba shida. Wata huɗu ke nan, kuma yawancin yini kazar maƙwabta ce kaɗai ke shiga.

"Baba, ta ce in Kirsimeti ya wuce a haka, Abuja za ta tafi. Wani otal na nemanta," in ji uwar. "Sauran yaran duk sun watse. Ni kaɗai zan rage da oben ɗin nan, ban ma san inda ake kunna shi ba."

"To me zan yi, Mama?"

"Ka je ka ci na mutane. Ka dawo ka gaya mana abin da suke sawa da ba ma sawa."

Likita ya hana ni gishiri da maiƙo da farin fulawa. Da na duba, fiza ba ta ƙunshi wani abu ba bayan waɗannan uku. Na ɗauki sandata na tsayar da keke napep.

Shago na farko a Barnawa yake. Akwai sanyin na'ura, akwai kiɗa, aka ba ni lamba a takarda kamar a asibiti. Burodin ya yi kaurin katifar ɗalibi, a kansa kuma an zuba abarba. A Italiya kowa da tasa fizar, da wuƙa da cokali mai yatsu. A teburin da ke kusa da ni mutum bakwai ne a kan guda ɗaya, maigida na rabawa da fuskar mai raba gado.

Na biyu a Kamazou, na wani ɗan Binuwai. Tawa tana cikin oben aka ɗauke wuta. Ta fara gasuwa da wutar gwamnati, ta huta, ta ƙarasa da janareta. Naman suya ne a kanta da yaji, kuma gaskiya na cinye. Mai shagon ya zo ya tsaya a kaina, ya tambaye ni da Turancin kasuwa yadda na gan ta idan aka gwada da ta Turawa. Na ce ban taɓa cin irinta a Italiya ba. Ya yi murna ƙwarai, ya kira matarsa ta ji da kunnenta.

Na uku a Kudenda, wata kwantena kusa da kamfanoni. A kaskon suya ake yin ta, da ƙwai da kifin gwangwani, ma'aikata na korawa da shayi. Na tambayi mai yi me ya sa take fiza. Ya ce ai zagayayya ce.

Ranar Asabar da la'asar na koma Unguwar Boro na ci ta yarinyar. Siririya ce, gefenta ya ɗan ƙone yadda ya kamata, cukun bai yi yawa ba, tumatirin ɗanye ne ba na gwangwani ba. Ta fi sauran ukun nesa ba kusa ba. Wannan kuwa mummunan labari ne, domin ba ni da rahoton da zan bayar. Na zauna ina juya kofin ruwa, uwar na tsaye a bakin ƙofa tana jirana.

Sai ga wata dattijuwa daga zumuntar matan cocinmu, ta zo saya wa jikokinta da suka dame ta. Yarinyar ta gasa, ta yanka, ta rufe kwali ta miƙa mata da hannu biyu. Dattijuwar ta karɓa. Ba ta tafi ba.

"Mun gode, Mama," in ji yarinyar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba gyara?"

"Mama, fiza ce fa. Yanka takwas ne, haka ake yin ta."

Dattijuwar ba ta ƙara kallon yarinyar ba. Ta juya ga uwar. "Shekara nawa ina sayen masa a hannunki? Kin taɓa sallamata haka? An yi fenti, an manta mutane." Ta saɓa kwalinta ta fita. Uwar ta tsura wa siminti ido.

Na yi ciniki a ƙasashe da dama. A Abijan mai sayar da ayaba takan ɗora maka ɗaya ta ce kyauta ce. A Alƙahira sai ka sha shayi kafin a cuce ka. A Italiya na taɓa sayen lemo na tsaya ina jiran ƙari, har mai lemon ya tambaye ni ko jiri nake ji. A nan kuwa, wannan guda ɗayan da ake ɗorawa a sama ba don ƙoshi ba ne. Da shi mai sayarwa ke cewa ta gane fuskarka. A Barnawa ba wanda ke jiransa, domin ba wanda ya san wani. A wannan shago, matar da ta yi shekaru tana ɗora wa unguwa masa ɗaya a sama ita ce tsaye a ƙofa, hannunta a naɗe.

Na ce wa uwar, "Ga rahotona. Ba abin da suke sawa. Ke ce kika daina sawa."

Yarinyar ta cire hular girki. "Baba, don Allah. In na yanko daga wata, wa zai sayi fiza mai giɓi? A Italiya ana ba da gyara?"

"Ba a bayarwa."

"To ka gani."

"A Italiya kuma ba wanda ya san mahaifiyarki."

Ranar Litinin na iske tanda ta fito daga ƙarƙashin gado, an wanke ta, tana kan murhun gawayi a ƙofar shago. Duk kwalin da ya fito, sai uwar ta naɗe masa biyu a takarda ta ɗora a kai. Sharaɗin yarinyar ɗaya ne, kada masa ta shiga cikin kwali. Dattijuwar nan ta dawo cikin makon, aka ɗora mata uku. Ita ta kai labari zumunta, kuma abin da ya shiga zumunta ba ya bukatar allon talla. Wasu sun riƙa tambaya ko ana sayar da gyaran shi kaɗai. Yarinyar takan ce sai an sayi fiza, sai su yi tsaki su saya.

Kirsimeti ya zo ya wuce. A watan Janairu na biya, na tarar an ƙara benci a waje, uwa da 'ya na gardama a kan hayaƙin gawayi da ya fara baƙanta jan fenti. Na tambayi yarinyar labarin Abuja. Ta ce ba ta da lokacin Abuja, fulawa ta ƙare. Uwar ta shiga ciki ɗebo ƙullu, sai yarinyar ta miƙo min kwalina. Ta duba hagu da dama, ta tsinci masa biyu daga tanda da yatsunta, ta ɗora a kai.

"Baba, kar ka gaya wa mutanen Italiya."