Takalman da Na Bari a Ƙofar Kango

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi, ban taɓa zaton zan rubuto ba, domin ni ba mai magana ba ne. Rashin maganar ma yana cikin abin da ya kawo ni. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, ko da yake akwai waɗanda suka cancanci a kama nasu a tsakiyar kasuwa.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar gaba da sakandare, ina zaune wurin yayana a Suleja, a wata sabuwar unguwa ta wajen Maje inda gonaki suka koma filoti. Shi aikinsa a Abuja yake, ya fita da asuba, sai dare ya dawo. Ciki da falo muke haya, ga matarsa, ga yara, ga janaretan maƙwabta. Ni kuwa ba na iya karatu sai wuri ya yi tsit, kuma kowane abu yana inda na ajiye shi. A layinmu da wuya a sami wanda ya san muryata. Matar da ke tuyar ƙosai a bakin hanya Malam Shiru take kirana, in ta tsokane ni sai in yi murmushi in wuce.

A ƙarshen layin akwai wani kangon bene da wani babban ma'aikaci ya fara ginawa ya watsar shekara da shekaru. Ba ƙofa, ba taga, rodi a tsaye a samansa duk ya yi tsatsa. Nan na mayar ɗakin karatuna ba tare da na nemi izinin kowa ba. Na share ɗaki ɗaya a sama, na shimfiɗa tabarma, na share matakalar tun daga ƙasa, saboda haka ba na hawa da takalmi. Nakan cire takalmana sau-ciki a bakin matakalar ta wajen titi, in jera su kamar yadda ake yi a ƙofar ɗakin mutane. Tsofaffi ne, ko ɓarawo ba zai kalle su ba, amma kullum a goge suke. A sama kuma ina da silifas na alwala, in lokacin salla ya yi in sauka da su ta ƙofar baya, in bi lungu zuwa masallaci.

Ba zan ce ban san halin ginin ba. Ni mai lura ne. Na ga tsagar da ta ratsa daɓen ɗakin da nake zama, na ga tana ƙara buɗewa bayan kowane ruwan sama. Na leƙa ƙasa ta ramin bulo na ga abin da ke riƙe da dekin ɗin, wato rufin kankaren da nake zaune a kai: katakai ne da gora aka tokare shi da su tun da ya fara lotsawa. Na kuma ga lokacin da dillalin mai ginin ya ba wani ɗan kasuwa hayar ƙasan a ɓoye, aka cika shi da soson katifa da tsofaffin tayoyi, aka toshe da kwano. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce me nake yi a can, in rasa wurin karatu.

Ranar da abin ya faru, ana tsananin zafin bazara. Na shiga kangon bayan azahar, da aka kira la'asar na sauka ta baya da silifas. Bayan salla na tsaya a masallacin ina jira rana ta yi sanyi, har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ihu ne ya tashe ni. Ashe wani ya cinna wa bolar da ke jikin kangon wuta, kamar yadda aka saba yi a unguwar ba mai hanawa, iska ta tura ta cikin soson nan. Kafin in zagayo, hayaƙi baƙi ƙirin ya rufe sama, layin ya cika maƙil, ga motar 'yan kwana-kwana tana ta jiniya ta kasa shigowa, saboda kowa ya ci hanya da shago da soka-awe, wato ramin bayan gida. Da ƙyar aka janye baburan 'yan kallo ta samu ta matso.

Shugabansu wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, yaransa suna kiransa Oga. Bai yi gaggawar sa a buɗe ruwa ba. Sai da ya zagaya ginin da sauri, ya dubi bangon, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya sa aka yanke wayar wutar da wani ya ja ta kan katangar. Da ya dawo sai ya ɗaga murya ya ce kowa ya ja baya, ginin nan katako ne ke riƙe da shi, katakon kuma yana ci, ba wanda zai shiga, kada ma a tsaya kusa da bango. Ya ce kango ne, ba rai a ciki, ruwan da suka zo da shi gidajen da ke gefe za su kare da shi. Ina jin haka na san gaskiya ya faɗa, don abin da na yi wata da watanni ina gani shi ya gani a zagaye ɗaya.

Nan fa mutanen unguwarmu suka nuna hali. Wani ya ce dama kallo suka zo yi. Wani ya ce a tambaye su ko ruwan na shayi ne suke tattalinsa. Wani mai babbar riga, da ko bokiti bai ɗauka ba, ya ce albashin banza ake ba su. Ana cikin haka sai wani saurayi ya ruga bakin matakalar ya dawo da takalmana, ya ɗaga su sama yana ihu wai akwai mutum a ciki. Mai ƙosai ta dafe ƙirji ta ce wallahi na Malam Shiru ne, da idonta ta ga shigarsa, ba ta ga fitarsa ba. Wuri ya rikice. Duwatsu suka fara sauka a kan motar.

Ina tsaye a bayan taron da silifas a ƙafata. Na taɓa kafaɗar wani da ke gabana na ce masa a hankali ni ne mai takalman. Ko waiwayowa bai yi sosai ba, ya ce in rufe masa baki, ana ta kai wa yake ta kaya. A daidai lokacin na ji wasu a gefena suna cewa ai duk mai shiga kangon nan ɗan shaye-shaye ne, shi ya sa wutar, in ya fito da rai sai ya gane kurensa. Na san abin da taro yake yi wa wanda aka nuna da yatsa. Sai na yi abin da na saba yi duk rayuwata, na yi shiru, ina gaya wa kaina ai dattijon ya riga ya ce ba mai shiga.

Ta tsakanin kawuna na hango shi ya karɓi takalman yana juya su a hannu. Ya tambaya ko akwai wanda ya san sunan yaron ko lambar wayarsa, ba wanda ya saurare shi, ihu kawai ake a kansa. Wani matashi cikin yaransa ya fara gyara hular kwano zai shiga, dattijon ya riƙe shi ya tura shi baya. Ya goya tukunyar iskar numfashi, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sa aka juyo da mesar ruwa bakin matakalar, ya shige cikin hayaƙin. Sai da na ga bayansa ya ɓace sannan muryata ta fito. Ban san ina da irin wannan murya ba. Na kutsa ina ihu ga ni nan, ba kowa a ciki. Mai ƙosai ta gan ni ta saki salati. Yaransa suka shiga busa usur suna jan igiya. Sai muka ji wata ƙara kamar an sauke tifar dutse, ƙasa ta girgiza, ɗakin da nake karatu ya rufta cikin wutar.

Allah ya sa dattijon yana bakin ƙofar ɗakin ne, bai kai tsakiya ba. Gefen kankaren ya danne masa ƙafafu, yaransa suka bi igiyar suka jawo shi da ƙyar. Su kuma waɗanda suka gama jifan mota don a ceto ni, su ne suka juyo kaina, mari ta ko'ina, wai na kashe bawan Allah. Wanda ya ƙwace ni ya cusa ni cikin motar ya kulle, shi ne matashin nan da Ogansa ya hana shiga. Yana kuka yana zagina, amma bai bari an sake taɓa ni ba.

An yanke wa dattijon ƙafa ɗaya, ɗayar kuma ba ta koma daidai ba. Aiki ya ƙare. Na daɗe ban iya zuwa duba shi ba, sai da yayana ya ce in ban je ba kada in sake kiransa Yaya. A gidansa da ke unguwar Chaza muka same shi. Mutumin Filato ne, Kirista, Hausarsa da ɗan karin harshensu. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wato wannan ne mai takalmin, ta ce in cire su a nan, amma in tabbata na tafi da abina. Shi kuwa ya yi dariya ya ce Madam ta bar ɗalibi ya shigo. Na durƙusa na ce Baba ya yafe mini. Ya ce in tashi, shi ba limami ba ne ba fasto ba. Ya ce kada in ɗauka duwatsu ne suka tura shi, an jefe shi a gobara ba sau ɗaya ba. Takalman ne. Wai da ya ga yadda aka goge su, sai ya ce a ransa wannan ba na ɗan shaye-shaye ba ne, na yaron da wani yake jira a gida ne. Ya ce a aikinsu ya fi tsoron kango a kan gidan da ake ciki, domin gida yana da mai shi da zai gaya maka inda tukunyar gas take da wanda bai fito ba, kango kuwa kowa ya san wani abu a kansa, ba mai faɗa. Ginin ya karanta shi daidai, in ji shi, abin da ya rasa ranar bakin mutum ɗaya ne da zai ce ba kowa a ciki. Sannan ya tambaye ni ko na ci jarrabawar. Na ce na ci. Matarsa ta ce to madalla, sai in riƙa tafiya da ƙafa biyu ina nuna takardar.

Ban ji haushin maganarta ba, ta fi ni gaskiya. Laifina na ɗauke shi, kuma zan mutu da shi. Amma Edita, ni kaɗai ne? Mai ginin ya zo daga Abuja cikin mota mai baƙin gilashi, ya ce 'yan iska sun ƙona masa dukiya, har jaje aka yi masa. Dillalin da ya zuba soso a ƙarƙashin rufin da gora ke riƙe da shi yana nan yana yawo da makullai. Wanda ya cinna wa bola wuta ba a ma neme shi ba. Masu jifa suna zaune a majalisa suna ba da labarin yadda suka tilasta wa 'yan kwana-kwana yin aikinsu, wasu har da nuna bidiyo a waya. A cikinsu ban ji wanda ya taka zuwa Chaza ba. Wannan ne yake ci mini rai har yau, kuma ba na so ya daina.

Don haka ina kira ga ɗalibai irina masu neman wurin shiru, da duk mai kwana ko ajiya a kango: ku fita, ba ɗaki ba ne, tarko ne da ba a gama haɗawa ba. In kun ga tsaga ko tokara ko kayan da wuta ke so, ku faɗa wa mai unguwa tun ba a shiga uku ba, ko da za a kore ku. In gobara ta tashi, mai aikin ya ce a ja baya, ku ja baya, ya ga abin da ba ku gani ba. Kada wani ya rantse cewa akwai mutum a ciki sai ya tabbata, domin wani ne zai shiga da ransa a kan rantsuwar. Wanda kuma ya san gaskiya ya buɗe baki ya yi ihu. Na ɗauka kunyata tarbiyya ce, ashe ranar tsoro ne kawai, kuma wani ya biya da ƙafarsa.

Kwanakin baya na bi ta layin. An sake zuba dekin a kan ginshiƙan nan da wuta ta gasa, an yi filasta, an shafa fenti ruwan madara, an zuba 'yan haya sama da ƙasa. Na je na gaya wa mai unguwa, da ƙarfi wannan karon, na kuma kai ƙara inda ya kamata, kuma ba zan daina komawa ba. Domin da na tsaya a bakin matakalar nan, takalma na gani a jere a kowace ƙofa, har da 'yan ƙanana na yara masu zuwa Islamiyya. Waɗannan kam masu su suna ciki.