Mai gwada rimot ba tabarau

Ina jiran a gyara min waya a shagon kayan lantarki, idona yana kan wani mutum mai furfura a gemu, da ɗan sukudireba a aljihun gaba. Irin mutanen nan ne da ko lafiyayyen rediyo suka samu sai sun kwance shi sun ga cikinsa. Kwamfuta yake so ya haɗa da hannunsa, ya jona da talabijin ɗin falo. Ya baje kayan haɗin a kan kanta yana jujjuya su, bakinsa har kunne.

Mai shago ya turo masa haɗaɗɗen akwatin kallo, bai fi tafin hannu ba. "Yallaɓai, wannan jonawa kawai za ka yi."

"Kai, wannan ai na malalata ne."

Amma ga shi ya cire tabarau, ya ɗauki rimot ɗin akwatin, yana laluben maɓallan a hankali, kamar tsoho. Ina jin akwai wata dattijuwa a gida da take wuni ita kaɗai.

Ya ja numfashi. "In na fita aiki, wa zai kunna wa Inna kwamfuta? Ba ni akwatin. Kwashe waɗannan daga gabana kafin zuciyata ta rinjaye ni."