Muryar da Aka Aiko Ta Faɗa Mini

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur ina zaune a unguwar Taman Melati, a wani bene hawa na sha ɗaya, ni da wata 'yar Filato mai karatun harhaɗa magunguna. Kirista ce, ta girme ni da shekara huɗu, kuma abin dariya ba ya kwana a cikinta. Wata Asabar da hantsi muna gyaran alayyafo, wayarta jingine da kwalbar mai, ta dinga karanto mini sababbin sunayen da samari da 'yan mata suka raɗa wa masu son abu guda tak a jikin mutum. Akwai masu kiran kansu sapiyo, wai su ƙwaƙwalwa ce kaɗai ke tafiya da su. In ka iya zance mai zurfi, ko yaya kamanninka suke, an gama. Akwai sunan masu son gemu, akwai na masu son tsawo, har da na waɗanda hannun mutum kawai suke kallo. Ta ce su a garinsu ba sa wahalar da kansu da Turanci, cewa ake wane ya ga wushirya ya susuce, shi ke nan.

Sai ta nuna ni da wuƙar hannunta.

"Ke kuma, Hajiyata, kunne ne ke yi miki soyayya. Tsaya in duba ko ku ma an yanka muku rago."

Ashe an yanka. Ta karanto wani dogon suna da ban riƙe ba, na masu son murya. Na yi dariya na jefe ta da ganye, amma na san ta gano ni.

Muna da guruf na ɗaliban Arewa a waya, kuma akwai mutum guda da aka bar wa sanarwar rasuwa. In mahaifin wani ya rasu a gida, ko ƙanwar wata, shi ne zai turo saƙon murya. Zai yi sallama, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce innalillahi, ya faɗi wanda aka yi wa rashin da gidan da za a taru a yi gaisuwa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, ba ta gaggawa, kamar ruwa yana shiga tulu. Hausar Katsina yake yi tsantsa, a garin da kowannenmu ke cusa Turanci da Malayanci a kowace magana, wannan ya ce mu je makan, wato cin abinci, wancan ya ce boleh maimakon to. Shi ko ɗaya ba ya sakawa. Da kunya nake rubuta wannan: nakan sa abin kunne a cikin jirgin ƙasa na safe in maimaita saƙonnin nan, mutuwar mutanen da ban taɓa gani ba, sau uku, sau huɗu, dogayen gine-gine suna wucewa ta taga cikin hazon ruwa.

Mun haɗu da shi a walimar wani da ya kare kundin digirinsa. Ashe a jami'armu da ke titin Jalan Semarak yake shi ma, yana digiri na uku a injiniyanci, gini biyu ne tsakaninmu. Daga nan muka soma zama a wata rumfar abinci a unguwar Kampung Baru ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Malama yake ce mini, ni in ce masa Malam. Na ƙware wajen yi masa tambayoyin da amsarsu ke da tsawo, yadda ake gina gada, yadda kakansa yake haƙar rijiya, sai in sunkuyar da kai ina juya cokali a cikin shayi ina saurare. Ya ɗauka kunya ce. Wata bakwai muka yi a haka, har ya karɓi lambar kawuna, manya suka fara gaisawa.

Da na ba Umma labarinsa a waya ta tambaye ni halinsa. Na ce yana da murya mai daɗi. Ta yi dariya har da tari, ta ce ita miji ta tambaye ni, ba ladan ba. Ta ce in je in ƙara dubawa in dawo mata da magana. Na ce to.

Ranar wata Talata na dawo daga makaranta bayan azahar. Abokiyar zamana ta tare ni a ƙofa ta ce wayarta ta mutu, in ara mata tawa. Ta shige ɗaki da ita, ta daɗe ba ta fito ba. Ban kawo komai a raina ba, na ɗora ruwan zafi. Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Shi ne, tare da matar wani babban ɗalibi da muke kira Anti. Bai taɓa hawowa gidanmu ba.

A wurinmu ba a faɗa wa na nesa mutuwa a waya. Ana neman wani nasa da ke kusa a aika shi, a kuma raba wanda aka yi wa rashin da wayarsa kada ya ci karo da labarin a hoton da wani ya ɗora. Kawuna ya duba duk Malesiya bai ga wanda ya fi cancanta ba sai wanda zai aure ni. A ganinsa karamci ya yi mana mu duka biyu.

Ya zauna a bakin kujera. Ya yi sallama, sai ya yi ɗan shirun nan. Babu wanda ya san shirun nan kamar ni. Ya fara da abin da aka saba farawa da shi, wai jikin Umma ya ɗan tsananta. Na ce, "Malam, faɗi kawai." Ya faɗa, da muryar nan, a jere yadda yake jerawa, har da saukar da yake yi a ƙarshen addu'a. Da asubar gida Umma ta cika, kuma kafin ya hawo benenmu har an kai ta.

Na je gida na yi sati uku na dawo. Kiransa na farko bayan dawowata, yana cewa salamu alaikum wayar ta suɓuce mini ta faɗi kan tabarma. Na gwada washegari, na gwada bayan sati. Duk sanda ya buɗe baki sai in tsinci kaina a falon nan, ruwan zafi yana tafasa a kicin ba mai saukewa, Anti ta riƙe mini kafaɗa. Ko tambayata yake na ci abinci, jira nake in ji sunan wanda ya mutu. Saƙonninsa na murya suka taru ban buɗe ba.

Ya gane, ya koma rubutu. Rubutunsa gajere ne, a gutsure, irin na kowa: ya kike, ya haƙuri, Allah ya ji ƙanta. Nakan zuba wa kalmomin ido ina neman mutumin da na sani a cikinsu, in rasa. Abokiyar zamana ta yi mini faɗa, ta ce bawan Allahn nan bai kashe kowa ba, aike kawai ya kai. Na ce na sani. Sanin bai sa na iya sauraron muryarsa ba.

Zamanmu na ƙarshe a rumfar nan ta Kampung Baru aka yi shi, ana yayyafi. Bai ce uffan ba tun da na zauna, da kai ya gaishe ni. Ya yi rubutu a wayarsa ya turo ta gabana a kan tebur.

"Malama, in na yi shiru har abada, akwai abin da zai saura miki a wurina?"

Na ɗaga kai na dube shi, kuma ina jin ranar na fara ganinsa. Yana da tabo a girar hagu. Furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Farcensa a yanke tsaf, wuyan rigarsa ya soma sulɓewa. Wata bakwai ina zama gaban wannan fuska. Na laluba cikin raina da gaske, ina roƙon Allah in samo wani abu in miƙa masa. Godiya na samu, da tausayi, kuma na san ba su yake tambaya ba. Na ce ban sani ba.

Ya gyaɗa kai, ya ja wayarsa. Shi da kansa ya kira kawuna ya ce a dakata da maganar, ya ɗora laifin a kan karatunsa. Har yau dangina haushinsa suke ji, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin gyara musu ba.

Sai da abokiyar zamana ta gama karatu, muna ɗaure kwalayenta, ta faɗa mini abin da ta riƙe. Ta ce ranar Talatar nan ita Malam ya fara kira. Ya roƙi kawuna a aiki wani, kawu ya ce ai shi ne nasu a can. Ta ce da suka iso bai shigo kai tsaye ba, ya zauna a matakalar hawa na goma kusan awa guda, shi da Anti, yana gwada yadda zai faɗa da wata murya dabam, ya ɗaga, ya sauke, ya sa Turanci, abin ya ƙi. Da ta leƙa ta ce su hanzarta, ba za ta iya ci gaba da ɓoye wayar ba, sai ya ce mata ya san abin da ya sa nake saurarensa, kuma ya san daga yau ya ƙare. Amma gara in ji daga bakin wanda zai tsaya har in gama kuka.

Ya sani, kuma ya hawo. Bayan muryarsa, wannan ne abu na biyu da na sani game da shi, ya kuma iso mini bayan ya koma gida da wata biyar. Na zauna a kan kwalin littattafanta da igiya a hannuna, ta ce in miƙo, ban ji ba sai da ta maimaita.