Rukayya da Rajistar Masu Juna Biyu

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanwata Rukayya, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Har yau idan na bi ta ƙofar ƙaramin asibitin da ke kusa da gidanmu a Gazara, sai na rage tafiya.

Kwamfuta ta karanta a Zariya. Da ta dawo gida, ta tarar ungozoma Inna Talatu tana rubuta awon masu juna biyu a wani littafin da ruwan damina ya cinye rabinsa. Sai ta ɗauki alkawarin yi musu shafin intanet. Shafin bai ba ta wahala ba. Haɗa shi da rumbun da ke adana bayanan ne ya sha mata kai. Idan sabis ya yanke ana cikin shigarwa, sunan mace ya shiga, awon jininta ya ɓace. Wata mata daga Malikanchi ta zo jininta ya hau, aka duba ba a ga awonta na baya ba, sai da aka garzaya da ita Makarfi. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma Rukayya ta yini ba ta ci abinci ba.

Na ce ta haƙura su koma littafi. Ta ce, "Yaya, rabin bayani ya fi rashinsa haɗari. Ko ya shiga duka, ko kada ya shiga sam."

Wata biyu ta yi tana gyara, tana kashe sabis da gangan don ta gwada. Ni kuwa ina yi mata tsiya, wai ta cika nawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma a lokacin ban gane ba.

Yanzu ana cewa na'ura na rubuta irin wannan aiki kafin shayi ya huce. Na san da tana raye za ta yi murna, sannan ta tambaya ko an gwada shi a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa.

Inna Talatu ta yi ritaya. Kwanan baya na kai matata awo, na ga sabuwar ma'aikaciya tana amfani da shafin. Na tambaye ta wanda ya yi shi, ta ce tana jin daga Kaduna aka kawo. Na faɗa mata sunan ƙanwata, na ce a nan aka haife ta, a nan kuma take kwance. Ta ajiye biro ta yi mata addu'a.

Allah ya jiƙanki, Rukayya, ya kai haske kabarinki.