Malam Luka, Mai Raba Makaho da Jagora

Kafin masu koko su sauke tukunya a Tasawa, Malam Luka ya riga ya fito. Matarsa Tabita ta rataya masa jaka, ya ɗauki farar sandarsa, ya bi gefen katanga har bakin hanya inda ɗan kabu-kabu ke jiransa. Yau Kona, gobe Bawdeta, jibi can cikin ƙasar Mayahi. Shi kansa ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Sama da shekara talatin ke nan yana bin manyan da makanta ta sama da rana tsaka, yana koya musu tafiya da sanda, saƙar kujera da gado, tufkar igiyar kaba da turkar rago. Bana gwiwoyi sun ce ya isa, zai ajiye aiki.

Masu yabonsa ba su ƙirguwa. Amma in ana son sanin nauyin aikin mutum, a saurari wanda aikin ya sosa wa rai, irin Zara'u ta Gidan Amumune.

Mijinta Cha'ibu tela ne, har hawan jinin ido ya rufe masa gani sannu a hankali, kamar ana sauke asabari. Ya sayar da keken ɗinki, ya shige ɗaki. Shekaru da dama Zara'u ce idonsa. Ita ke kai shi bayi, ita ke raka shi ƙofar masallaci ta raɓe daga nesa har a sallame, ita ke ɗora hannunsa a kan ludayi. Da tuyar ƙosai ta riƙe gidan. In wata ta yi wa miji tsiwa a garin, sai a ce ta je ta ga Zara'u. Wahala ce, amma tata ce ita kaɗai, kuma ta saba da ɗan zaƙin da ke cikinta.

Sai ga Malam Luka ya yi sallama. Cha'ibu ya ƙi fitowa, ya ce ba zai zama abin kallo ba. Malam Luka bai yi gardama ba. Ya zauna a ƙofar ɗakin, ya ciro kaba yana tufka yana hira shi kaɗai. Ya dawo ran kasuwa, ya sake dawowa. Ran nan hannun tela ya miƙo daga ciki, ya shafa igiyar, ya ce wannan tufka ta yi sako-sako. Da gangan Malam Luka ya sassauta ta. Tun daga ranar darasi ya fara.

Da farko Zara'u ta yi murna. Abin ya fara ci mata rai ne lokacin da ta ji dariyar mijinta daga zaure, cikin sauran makafi masu koyon saƙa. Dariyar da ta yi shekaru tana nema da lallashi da girki mai daɗi ba ta samu ba, ga wani baƙo ya same ta da guntun igiya. Magana ɗaya biyu, sai Cha'ibu ya ce Malam ya ce. A bakin rijiya mata suka koma cewa Allah ya ji ƙan Cha'ibu da ya kawo masa Malam Luka, sai ka ce a daji aka tsinto shi. Wata safiya ya miƙa hannu, ta matso kamar kullum, hannun ya wuce ta ya ɗauki sanda.

Ranar da zai kai wa mai shayin kasuwa kujerar farko da ya saƙa, Zara'u ta tura sandar cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero. Ya lalube ɗaki bai samu ba. Ta ce ba ta gani ba, ya zo ta kai shi kamar da. Ya ƙi. Sannan ya zare kara daga darni, ya ɗora kujerar a ka, ya fita.

Ta bi shi a baya ba takalmi, don kada ya ji ta. Wajen masu amalanke ya buga ƙwauri a ƙarfe har jini ya fito. Ta miƙa hannu za ta kama shi, ya kai rabi, ta ga ya tsaya, ya daddaɓa da karan, ya kewaye, ya wuce. Ƴan kasuwa suka miƙe suna masa barka. Ita kuwa ta juya gida ta zauna gaban murhu tana kuka, kuma ita da kanta take cewa ba na murna ba ne.

Labari ya kai wa Malam Luka. Ya zo, wannan karon tare da Tabita, bai ko ambaci sanda ba.

"Uwar Raihana," ya ce wa Zara'u, yana kiranta da sunan ɗiyarta, "gidaje da yawa in na shiga, sai in iske an bar mutum ya lalace cikin ɗaki, ba abin da zan kama. Wanga na iske shi da tsabta, da ƙarfin hannu, da zuciyarshi. Bisa aikinki na ɗora."

Ya tashi ya bar matan. Tabita ta faɗa mata ita ma mijin jama'a take aure, a hanya kowa shi yake gaisarwa, ba mai tambayar wa ya wanke rigar da ke jikinsa, kuma har yau wani lokaci abin na ba ta haushi. Suka yi dariya. Da yamma Zara'u ta ciro sandar, ta goge ƙaiƙayin, ta jingine ta inda ta saba zama.

Kai ne, Malam Luka, wanda ya gane cewa makanta gida guda take kamawa, ba mutum ɗaya ba. Kai ne ka shiga gidajen Musulmi da na Kirista da sallama iri ɗaya, in lokacin salla ya yi ka ce a ajiye saƙa. Kai ne ka sha rairayin Gulbin Kaba a bayan babur saboda mutumin da ya rantse ba zai fito ba. Mai raba makaho da jagora, ba ka taɓa raina jagoran ba.

Yanzu Cha'ibu yana da masu koyo a hannunsa, kuma shi ne Malam Luka ya zaɓa ya riƙe ɓangaren Mayahi. Wato zai ƙara nisa da gida. A taron sallama da aka yi a Tasawa, Zara'u ta zo da ƙwaryar fura. Da aka ce ta yi magana, ta gyara mayafi ta ce:

"Malam, ka tada mini maigida, ka kuma raba ni da shi rabin yini. Na farkon, Allah shi biya ka. Na biyun, ina nan ina ƙoƙari."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Mun gode, Malam Luka. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya saka wa Tabita da alheri. Masu sana'a a hannu, ku nemi wanda ido ya zaunar a unguwarku ku koya masa, kuma in kun shiga gidan ku fara gaida wanda ya riƙe shi kafin zuwanku. Ku kuma masu riƙon, in ranar ta zo, ku saki hannun. Zai yi zafi, Zara'u ba ta ɓoye ba. Amma ta saki.